Baitin da Baffa yake so in cire

Zuwa ga Malam Barau, kakan babana,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma boko ne, kai kuwa ajami ka sani. A zaurenka na Zango nake rubutu, Baffa Sani yana tsaye a kaina yana nanata magana guda: “Hajara, baiti ɗaya ne fa. Cire shi. Ba a tona wa mamaci asiri.”

Labarin gida ke nan. Littafin waƙoƙinka ya kammala, gobe za shi maɗaba'a. Ni aka ɗora wa aikin, tunda ni ce na je jami'a na dawo da tabarau.

Da labarinka aka raine mu. Ka iso Wagadugu tare da ayarin goro, ayari ya wuce, kai ka zauna. Fatake sukan kawo maka waƙoƙi daga Kano da Gwanja, ka ɗinke karin da ya karye, ka kwafe musu. Baitin da ya taɓa Nasara kuwa sai alƙalaminka ya tsallake shi, wai don kada a kama mai waƙar.

Sai taka waƙar ta lokacin yaƙin Jamus, da kumandan Nasara ya nemi samari su shiga soja. Ka kira su su tashi, ka ce gudun tafiya ba na ɗan halak ba ne. Abin da ya fi ba ni kunya, Malam, ita ce mafi kyau cikin duk abin da ka yi. Tsoro ne ya zuba maka wannan daɗin baki? Ko har zuciyarka ka yarda?

Har yau ana rera ta a ƙofar gida duk Mauludi. Mun dai jefar da baitin da ya ambaci kumandan, muka ce waƙar fatake ce. Amma da an ɗauko ta, sai maƙwabtanmu na gidan Maikanwa su nemi takalmansu ɗaya bayan ɗaya. Ina yarinya na ɗauka alwala ce take kama su a tare. Ashe Audunsu ne ya ji waƙarka ya tafi, bai dawo ba. Ba su taɓa faɗa mana ba. Tuwon Sallarsu kuma bai taɓa fashi ba, mu ma ba mu taɓa fasa ci ba.

Na so in yi fushi da kai, abin ya ƙi. A gidan jarida nake aiki. Kullum nakan soke layin da zai ɓata wa manya rai, in ce wa marubucin don lafiyarsa na yi. Wasu sukan gaji hanci, ni hannunka na gada.

Ban cire baitin ba. Kai ka sa sunanka a ƙarshen waƙar kamar yadda ku marubuta waƙa kuka saba, ba ka ɓuya ba. Mu muka ɓoye ka.

Kafin maɗaba'a zan shiga gidan Maikanwa in karanta musu ita cikakkiya. Ban san abin da ake faɗa bayan haka ba, ba a koya mana a jami'a ba.

Baffa ya shige ciki ba sallama. Na ɗauki mayafina, zan ja ƙofar zaure. Har yanzu tana kuka in an rufe ta.

Allah ya gafarta maka, ya sa su yafe mana.

Tattaɓa-kunnenka mai soke layi,
Hajara