Goben Tela

Zuwa ga matata Malama, bene na uku.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan zazzaɓin ya sauka, ina sanar da ke cewa an hana ni hawowa wurinki. Babbar nas ta ce wanda zai taɓa jaririya ba zai shiga ɗakin mai zazzaɓi ba, sai in zaɓi ɗaya. Na san wanda za ki zaɓa, shi na zaɓa. Wayata a bakin ƙofar ɗakin jarirai ake karɓe ta, shi ya sa babu hoto, taki kuma an ce sai hawan jininki ya sauka. Inna mai ɗauko nono daga wurinki ta yarda ta riƙa kai miki takarda.

'Yarmu tana cikin kwalba. Kada sunan ya tsorata ki, akwatin gilashi ne mai ɗumi da ƙofofi biyu na zura hannu. Nauyinta kilo ɗaya da gram ɗari. Akwai siririn bututu a hancinta, ta nan ake ɗura mata nononki. Ina kiranta Maɓalli kafin ki sauko. Likita ya ce gobe za a ga sauƙi in sha Allahu.

Ki daure ki ci abinci. Ni ne mijinki,
Tela.

*

Maigida,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na kuma ga gobe. Haba Tela! Ni za ka yi wa gobe? Shekara shida ina jin kana ce wa mutane gobe a shago, alhali ko almakashi ba ka ɗora a kan yadinsu ba.

Yau kwana huɗu da aka yi min aiki aka ciro ta a wata bakwai. Ban ji kukanta ba, ban ga ko gashin kanta ba. Wancan karon da muka rasa na fari, kwana biyu kuna ce min yana barci. Ban manta ba. Ina tatsar nono ina kuka, ina cewa ko a bayan ƙofa ake zubarwa don kar in gane.

In babu ita ka faɗa min, ni ba yarinya ba ce. In tana nan, shaida nake so, ba daɗin baki ba. Kuma ka gyara rubutunka, kamar kaza ta yi tono.

Taka,
Malama.

*

Zuwa ga Malama.

Salamu alaikum, da fatan kin tashi lafiya. Wancan karon na yi miki ƙarya, har yau abin yana ci na. Ba zan ƙara ba.

Buɗe takardar nan a hankali, akwai zare a ciki. Na roƙi babbar nas, ta dafa shi a ruwan zafi da kanta don tsabta, ta tsaya a kaina na zagaya ƙirjin Maɓalli na yanke. Inci tara ne cif. Ina aunawa tana shure min hannu.

Ga sauran gaskiyar. Nauyinta ya sauka zuwa kilo ɗaya. Jiya da hantsi ta manta da numfashi, na'ura ta hau ƙara, ta yi wani duhu-duhu. Ni dai sai na ƙwala wa nas kira. Nas ta murza mata tafin ƙafa, sai ta ja iska. An ce bakwaini suna yin haka, amma wallahi na ji tsoro.

Babbar nas ta ce abin da zai taimake ta shi ne a kwantar da ita a ƙirji, fata da fata, sa'o'i da yawa kullum, ta riƙa jin ɗumi da bugun zuciya. Uwa ce ke yi. Tunda ba kya nan, wai ni. Malama, ɗakin nan mata tara ne a jere, ni kaɗai ne namiji. In tuɓe riga a gabansu? Na ce mata zan yi shawara.

Naki,
Tela.

*

Tela,

Ina amsa sallamarka. Na naɗa zaren a wuyan hannuna, ya zagaya sau ɗaya da rabi. Na sumbace shi har ya jiƙe. Yanzu na yarda tana nan, don ba ka taɓa faɗa min magana marar daɗi da kanka ba sai yau. Na gode.

To amma shawarar me? Iye? 'Yarka tana manta numfashi kai kana tuna kunya? Matan nan tara kowacce idonta na kan nata ɗan, wa ya damu da haƙarƙarinka da ake ƙirgawa daga nesa? Da zan iya sauka, da rarrafe zan zo, amma ɗinkin cikina ya yi ruwa, an ce sai ya bushe.

Kai ba tela ba ne? In kunyar ce, ɗinka abin da zai rufe ku kai da ita. Yau nake nufi. Ka sake ka ce min gobe, ka ga yadda za mu kwashe.

Matarka mai jiran zare.

*

Zuwa ga Malama, uwar Maɓalli.

Gaisuwa mai tarin yawa. Ki yi haƙuri da ɗan shirun da na yi, hannuwana ba su da sarari.

Ranar da takardarki ta zo na tafi shago kai tsaye. Na ɗauko farin yadin audugar nan mai laushi, na ɗinka riga mai buɗewa ta gaba, da aljihu ta ciki daidai ƙirji, ɗinkin duk ta waje don kar ya goge ta. Na yanka aljihun da awon zaren, sannan na naɗe inci biyu a ciki kamar yadda nake bar wa yara masu girma. Babbar nas ta juya ta, ta ja ta, ta ce, "Wannan naɗin na mene ne?" Na ce na girma ne. Ta dube ni ta ce, "Allah ya kai mu."

Da aka sa min ita, ban ji nauyi ba sam, sai ɗumi da ɗan ƙaramin motsi. Ta laluba ta kama gashin ƙirjina ta riƙe gam. Malama, na yi kuka a gaban mata tara, ko a jikina. Yanzu Maman Maɓalli suke ce min, ina amsawa.

Kwana shida ke nan na'urarta ba ta yi ƙara ba. Kilo ɗaya da gram ɗari biyu da hamsin! Ga sabon zare, ki gwada shi da na farko.

Matan sun ce su ma suna son rigar. Bakina ya suɓuce na ce gobe, ɗakin ya kwashe da dariya. Washegari na shigo da guda tara a leda. Ki shaida.

Naki har kullum,
Tela.

*

Maman Maɓalli,

Sannu da jego! Ina gaishe ka da kyau. Zare huɗu yanzu a jere a kan farin zanen gadona, kowanne ya ɗara na bayansa. Duk wanda ya shigo sai na nuna masa, har mai shara ta gaji da ni.

Kwana uku babu zazzaɓi, ciwon ya bushe. Na tambayi likita yaushe zan sauka, ya ce gobe. Na yi dariya har na dafe ciki, bawan Allah bai san dalili ba.

Amma ina tsoro, Tela. Kusan sati uku ƙirjinka ta sani, muryarka ta sani. In ta ƙi ni fa?

Taka,
Malama.

*

Malama,

Salamu alaikum. Na manna wannan a jikin rigar, Inna za ta miƙa miki a bakin ƙofa.

Aljihun ya matse ta. Da safen nan na farke inci biyun da na naɗe. Tun da na fara ɗinki ban taɓa murnar kaya sun yi wa mutum kaɗan ba sai yau. Kilo ɗaya da rabi.

Ba za ta ƙi ki ba, nononki ne ya cika aljihun nan, ni ajiya kawai na riƙe. Na rage kafaɗar rigar daidai ke. Ki wanke hannu har gwiwa, gado na uku daga hagu.

Ba gobe ba. Shigo.

Tela.