Bakin Aro a Cocin Kurudu

Lahadi, 7 ga Mayu, 2006

Na tsaya gefen Fasto Divine minti hamsin da biyu, na duba agogo. Yana faɗa da Turanci, ina mayarwa da Hausa, kamar kowace Lahadi tun da aka turo mana shi daga kudu. Tun da rusau ya koro mutane daga cikin gari, cocinmu na Kurudu ya cika da baƙi. Rabinsu ba sa jin Hausa, tsofaffinmu manoma kuma ba sa jin Turanci. Sai ni a tsakiya.

Yau sau tara ya ce ya san Ubangiji yana jin kukansa. Sau tara na ce, "Na san Ubangiji yana jin kukana." Da muryata. Jama'a na ta amin.

Kwana arba'in da ɗaya ke nan ban yi addu'a ba. Tun safiyar da matata Magdalena ta faɗi a bakin murhu.

Talata, 9 ga Mayu

Awon jininta ɗari da sittin bisa ɗari. Hannun dama bai motsa ba, ƙafar tana ja kaɗan. Magana har yanzu kalma ɗaya ce ta rage mata: "to". Akwai to na yarda, akwai to na fushi, akwai wanda ban gane ba tukuna. Matar da in tana cinikin doya a kasuwar Karu ake jiyo ta daga bakin titi.

Shekara goma sha tara da aurenmu, ita ce mai addu'ar safe a gidan nan. Ƙarfe biyar za ta mintsine ni, ta fara, ta kira sunan kowa har da akuyoyi. Nawa amin ne kawai, wani lokaci ma cikin gyangyaɗi. Yanzu ƙarfe biyar sai ta ja hannun rigata da hagu, ta zuba mini ido. Ni kuma in kunna mata kaset ɗin wa'azi a rediyo, in fita ɗora ruwa.

Alhamis, 11 ga Mayu

Awa biyu da kwata daga gida zuwa ofis. Cunkoson Nyanya. Ko'ina gini, ko'ina tifa.

Oga Nazeer, shugaban sashenmu na ajiyar fayil, ya sa hannu in riƙa makara ranar Laraba saboda kai Magdalena gashin ƙashi a asibiti. Ya ce, "Malam Enoch, ya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Ai ku da kuke tsaye dab da fasto, addu'arku ba ta bin layi kamar fayil ɗinmu." Na yi dariya don oga ne. Mutumin kirki. Da ya sani.

Asabar, 13 ga Mayu

Zumuntar mata sun zo gaisuwa, su takwas cikin ankonsu, Margaret a gaba da kwanon miyar kuka. Ita da Magdalena sun daɗe ba sa ga maciji a kan shugabancin zumunta. Bayan waƙa Margaret ta ce, irin wannan ciwo yana da kyau mutum ya binciki zuciyarsa, ko akwai wanda bai yafe wa ba. Magdalena ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "To." Duk suka juyo gare ni, wai me ta ce?

Na ce ta ce ta gode.

Suna fita ta kwaɗa mini mafici a ka. Da bakinta na nan na san abin da zan ji: kada ka ari bakina ka ci mini albasa. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Daga baya kuma ba dariya ba ce, na shiga banɗaki na rufe ƙofa.

Lahadi, 14 ga Mayu

Minti arba'in da bakwai.

Dattijo Mato ne ya koya mini aikin nan, shi da ya yi wa 'yan mishan tafinta shekara talatin kafin haƙoransa su zube. Doka uku ya ba ni. Kada ka ƙara. Kada ka rage. Kada ka bar shiru ya faɗo tsakaninka da mai wa'azi. In ya ɗaga hannu ka ɗaga, in ya ce ni, ka ce ni. Yakan ce tafinta indararo ne, ruwa ba nasa ba ne, wucewa kawai yake yi.

Da ina alfahari da wannan. Yanzu ina tunanin ko duk shekarun nan abin da nake kira bangaskiyata ruwan wasu ne yake wucewa. A coci na fasto, a gida na Magdalena. An toshe na gida, sai ga ni a bushe.

Laraba, 17 ga Mayu

Gashi. Ta yi kuka da suka miƙar da yatsun. Na riƙe mata zani.

Litinin, 22 ga Mayu

Na gwada. Bayan na dawo aiki na shiga ɗaki na durƙusa, na ce, "Ya Ubangiji." Sai na tsaya. Na fi minti biyar kafin in gane abin da nake yi: jira nake wani ya faɗi jimla ta gaba in maimaita.

Na tashi na wanke kwanuka.

Juma'a, 26 ga Mayu

Na rubuta takardar ajiye aikin tafinta. Sau uku, ta ukun ce mai tsabta. Dalili na sa "yanayin gida". Ba ƙarya ba ce, ba kuma gaskiya ba ce. Gaskiyar ita ce ba zan iya ci gaba da tsayawa gaban tsofaffin da suka san ubana ina cewa na gaskata abin da ban san ko na gaskata ba. In na sauka daga can kuma, ban ga abin da zai riƙa kai ni coci ba. Wannan ma na sani.

Tana cikin aljihun jakar ofis.

Asabar, 3 ga Yuni

Na sami Dattijo Mato a gonar doyarsa, abin da ya rage bayan katangar masu gidajen haya ta cinye gabas. Yana kafa wa doya sanda. Na ce ina so in huta da tafinta.

"Wa zai karɓa?"

Na ce Jonah, malamin firamare.

"Jonah? Hausar littafi gare shi. Kafin ya gama jimla ɗaya tsofaffi sun kai garin Uke a mafarki." Ya ɗaure igiya, bai dube ni ba. "Ɗana, gajiya ka yi ko fushi?"

Na ce gajiya ce, Baba.

"To. Uwarsu ɗaya ai."

Ya ba ni gyaɗar bara in kai wa mai jiki.

Talata, 6 ga Yuni

Ɗari da hamsin bisa casa'in da biyar. Kwana saba'in da ɗaya ban yi addu'a ba.

Alhamis, 15 ga Yuni

Fasto ya sanar cewa ranar Lahadi za a yi wa marasa lafiya addu'a ta musamman. Margaret ta riga ta yi magana da mai tasi, wai dole a kai Magdalena. Na ce ba ta kai fita ba. Magdalena ta buga sandarta a ƙasa sau biyu. An gama magana ke nan.

Wato ni zan roƙa mata warkarwa da ƙarfi a gaban kowa, da bakin aro. Na yanke in yi wannan ɗaya, ranar Talata in miƙa takarda.

Lahadi, 18 ga Yuni

Zan rubuta bi da bi, ko na gane yadda aka yi.

An zaunar da ita a kujerar roba a layin gaba, cikin ankon zumunta, ni na ɗaura mata ɗankwali, ya karkace. Fasto ya gama wa'azi ya ce a rufe ido. Na rufe. Ya fara addu'a, ina bi. Sai hadari ya sauko. Cocinmu kwano ne tsirara, babu silin. Ba a yi minti biyu ba aka ɗauke wuta, lasifika ta mutu, janareta ya ƙi tashi.

Da farko ina tsintar kalma ɗaya cikin uku, ina cike sauran, don na san yadda addu'arsa take tafiya. Daga nan ban ƙara jin komai ba sai ruwa. Doka ta uku: kada ka bar shiru. Na ɗauka yana ci gaba, sai na ci gaba, ina ɗaga murya don ta fi kwano. Ashe ya riga ya tsaya, ya ce a jira ruwa ya lafa. Wai har ya taɓa kafaɗata. Ban ji ba.

Ban san inda nasa ya ƙare nawa ya fara ba. Abin da na tuna na ce: Shekara goma sha tara matar nan tana tashi ƙarfe biyar tana kiran sunanka, ni ban taɓa tashi da son raina ba. In baki kake so ga nawa nan, ba komai a cikinsa sai maganar mutane, me ya sa ka ɗauki nata? Na ce na gaji da wankin zani, na gaji da cewa da sauƙi. Na ce ban san ko kana ji ba. In kana ji, ban iya roƙo ba, ita ce ta iya, ka dube ta kawai.

Akwai wasu da ban tuna ba. Abin da ya dawo da ni shi ne na ji muryata ita kaɗai tana amsa kuwwa. Ruwan ya tsagaita, ban san tun yaushe ba. Na buɗe ido. Fasto na tsaye da Littafi a rufe yana kallona. Baƙi na kallon juna. Sai wata tsohuwa daga baya ta ce amin, a hankali, sauran tsofaffi suka ɗauka.

Ban dubi layin gaba ba. A tasi ma taga na duba.

Litinin, 19 ga Yuni

Na sa fayil biyu a kantar da ba tasu ba. Ban taɓa yi ba.

Talata, 20 ga Yuni

Na kai wa Fasto takardar da yamma. Ya karanta, ya ninke, ya ce kafin komai in gaya masa abin da na faɗa ranar Lahadi, don duk wanda ya tambaya sai ya sunkuyar da kai. Shekara goma sha huɗu ina tafinta, yau ce rana ta farko da na fassara kaina. Da Turanci ya fi muni. Ban rage ba.

Fasto ya saurara har ƙarshe. Yaro ne, bai kai talatin da biyar ba. Ya ce wata takwas yana nan, bai taɓa jin tsofaffin nan sun ce amin irin wannan ba, ya ɗauka haka aminsu yake, sanyi-sanyi. Ya ce mutumin da ba ya gaskata akwai mai ji ba ya yin faɗa haka. Na ce ko ma al'ada ce kawai. Ya ce zai riƙe takardar zuwa ƙarshen wata. A bakin ƙofa ya gwada Hausarsa: "Baba, Allah tana ji Hausa." Ban gyara masa ba.

Alhamis, 22 ga Yuni

Dattijo Mato ya zo da kansa, da sandarsa, ya gaishe da mai jiki, ya ja ni gindin mangwaro. Na zaci haƙuri zai ba ni.

"Ka karya doka ɗaya don ka tsare ɗaya. Ka ƙara. Laifi ne."

Na ce na sani, Baba.

"Kada ka sake a kan mumbari. Can wurin fasto ne." Ya nuna ƙofar ɗakinmu da haɓa. "Irin wannan magana ga wurinta can. Kana da ita a ciki haka, shi ne kake kunna wa 'yar mutane kaset?"

Ban san wa ya gaya masa zancen kaset ba. Margaret, ina jin.

Asabar, 24 ga Yuni

Rediyo ya ƙi kamawa da safe. Na buɗe baya, babu batir. Da nake gyara shimfiɗa na same su ƙarƙashin matashinta, guda huɗu. Da hannu ɗaya ta cire, ban san tsawon lokacin da ya ɗauke ta ba. Na mayar da su inda na gan su. Mun zauna shiru har gari ya waye sosai.

Lahadi, 25 ga Yuni

Minti hamsin da biyar. Ban ƙara ba, ban rage ba. Ya sake faɗin jimlar nan ta jin kuka, sau biyu. Na maimaita. Ba ta shaƙe ni kamar da ba, ko kuwa sabo ne.

Asabar, 1 ga Yuli

Ɗari da arba'in bisa casa'in. Hannun bai motsa ba. Likita ya ce maganar tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa.

Batir na nan inda suke. Kwana huɗu ke nan in ta ja rigata ƙarfe biyar nakan zauna bakin gado in yi 'yar magana. Ba zan kira ta addu'a ba, ba tsari, rabi ƙorafi ne. Jiya na manta akuyoyi ta mintsine ni. Yau minti shida. Da na tsaya ta ce, "To." Ba na yarda ba ne, ba na fushi ba, wancan ne da ban gane ba. Ba wanda ya nemi in fassara.

Wata ya ƙare jiya. Fasto bai ta da zancen takarda ba, ni ma ban tuna masa ba. Na zo rubuta adadin kwanakin rashin addu'ar nan, na ga ban san inda zan tsayar da lissafin ba, na bar shi.

Na goge farar riga saboda gobe.