Makin da Nake Ba Yayana Ba Nasa Ba Ne

Assalamu alaikum, Anti da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, don ni ma na gama tsine wa kaina.

Ni 'yar Kiru ce, ina yi wa wani ƙaramin kamfani aiki daga gida. Muna da manhajar AI da manoman rani na wajen Tiga ke yi wa tambaya ta waya. Ita AI ɗin tana da kayan aiki iri-iri, wani na duba farashin kasuwa, wani na hasashen yanayi, wani na tura saƙo ga malamin gona. Amma ba ta san wanda za ta ɗauka ba sai ta karanta bayanin da mutum ya rubuta a kan kowanne: me yake yi, yaushe ake ɗaukarsa, yaushe ba a taɓa shi. Aikina shi ne in karanta bayanan nan, in gwada su, in ba da maki, marar kyau in mayar wa mai shi ya gyara.

Da aka nemi ƙarin masu rubutu, ni na kawo Yayana. Malamin firamare ne a Dangora, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Babanmu, shi ya fara ɗora min hannu a kan biro. Ranar da bayaninsa na farko ya iso gabana, na buɗe na karanta. Ashe Yaya kirari ya yi wa kayan aikin duba farashi! Wai wannan abu ne mai albarka, gatan manomi, duk abin da ya shafi tumatir yana wajensa. Hausa kam kamar zuma, amma bai faɗi ko me abin yake yi ba. Na gwada, na ce wa AI tsutsa ta cinye min tumatir, sai ta kawo min farashin kwando a kasuwa. Doka ta ce in ba shi maki kaɗan in mayar masa. To ta yaya? Mutumin da ban taɓa kiran sunansa ba, wanda har gobe sai na durƙusa nake gaishe shi, shi zan rubuta wa cewa aikinsa bai yi ba? Sai na goge nasa, na rubuta nawa a ƙarƙashin sunansa, na ba shi maki mai yawa. Na ce sau ɗaya ne. Shi kuma ba ya ganin rubutun bayan ya tura, maki kawai yake gani, don haka na biyu ma ya zo haka, na uku ma, har ya zame min jiki.

Wallahi na so in nuna masa a fakaice. Na taɓa cewa, "Yaya, ai ita na'urar ba ta son ado, a gaya mata abu kai tsaye." Ya yi dariya ya ce, "Auta ke nan. Ke dai duba makina."

Yanzu abin ya fi ƙarfina. Ogan kamfaninmu ya ce duk cikin masu rubutu babu kamar Yaya, don haka shi zai koyar da sababbin da za a ɗauka a Tudun Wada da Doguwa, a gaban jama'a zai riƙa rubutawa suna gani. Yaya ya yanke shawarar ajiye koyarwa ranar Litinin, aikin da da shi yake ciyar da iyalinsa da Innarmu. Jiya ya zo gida da fara'ar da rabona da ganinta tun Baba na da rai. Ya ce, "Inna, ashe ni ma ina da abin da na iya." Inna ta fashe da kuka tana sa masa albarka, ni kuwa na shige ɗaki.

Da zai tafi ya tsaya kan mashin ya kira ni. Na ce, "Yaya, da ka ɗan jinkirta ajiye aikin nan." Ya ce, "Kada ki damu, Auta. Ba maganar Oga ce ta ba ni ƙarfin gwiwa ba, makinki ne. Na san in da rubutuna ba kyau, ke ba za ki ɓoye min ba."

In na faɗa masa, na karya shi, kuma ban san da idon da zai ƙara kallona ba. In na yi shiru, zai bar aikinsa ya je ya ji kunya a gaban ɗalibai, inda ba ni da damar goge komai. Litinin jibi ce. Don girman Allah, me zan yi?