Ingila da Faransa a Gonar Inna

Wagini, ranar Litinin

Zuwa ga taubashina Malam Ya'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Zuwairatu da yara. Ya Safana, ya zaman ritaya?

Ba zan yi kwana-kwana ba. Damina ta ƙarato, gonar Inna mahaifiyarka kuwa ta koma saura. Dattawan unguwa sun ce muddin ba ka zo ka gaishe ni ba, yadda kowa ya yi tun da aka naɗa ni mai unguwa, a ba wani aronta ya noma. Na roƙe su su dakata zuwa shuka. Ka zo, don Allah.

Jiya na bi ta tsohuwar makarantarmu, sai Malam Abdurrahim ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa. Ka tuna da ya gaji da raba mu faɗa ya sa mana suna Ingila da Faransa? Har dariya na yi ni kaɗai a kan babur.

Ka huta lafiya.
Daudu

Safana, ranar Juma'a

Zuwa ga Faransa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai gwiwa da ke ba ni wahala. Ina gaida Goggo Kande da ta raine mu, da sauran mutanen gida.

Ashe kana tuna sunan, darasin ne ka manta. Ba laifinka ba ne, a bencin baya kake barci. Bari in maimaita maka kyauta. Sarkin Ingila jikan Sarkin Faransa ne ta wajen uwa. Da gadon sarautar Faransa ya faɗi ya nema, aka ce masa ɗan mace ba ya hawa. Ga shi kuma yana da ƙasa a cikin Faransa, wadda sai ya je ya durƙusa wa wanda aka naɗa kafin a bar masa ita. To me ya rage? Ni ne jikan Kaka mai unguwa ta wajen uwa, ni aka ce wa ɗan mace da na nemi rawaninsa, yanzu kuma ni zan durƙusa saboda gonar uwata. Malam kamar ya hango.

Ba rawanin ne ya yi mini ciwo ba, Daudu. A gidan Kaka aka yi mini kaciya, tabarma ɗaya muka kwana da kai, a akushi ɗaya muka ci tuwon Goggo. Rana ɗaya aka mai da ni baƙo, kana zaune ba ka ce uffan ba.

Ina kewar ɗorawar da ke tsakiyar gonar, inda muke gasa gyaɗar sata. Amma durƙuso kam, a'a.

Naka,
Ingila

Wagini, ranar Laraba

Ya'u,

Salamu alaikum. Na karanta, kuma gaskiyarka ce. Gobe ma aka sake irin maganar a gabana, ba zan yi shiru ba.

Amma ba duka darasin na yi barci ba. Na ji inda Malam ya ce sun yi yaƙi shekara ɗari da 'yan kai, waɗanda suka fara duk suka mutu, jikoki suka gaji gabar. Daga ƙarshe Ingila ta rasa ƙasar, sai sunan Sarkin Faransa da sarakunanta suka yi ta rubutawa a takarda. Mu ba mu da shekara ɗari. Goggo Kande ma idonta ya tafi, duk wanda ya yi sallama sai ta ce, "Ya'u ne?"

Na faɗa wa dattawa ba a zaure zan karɓi gaisuwarka ba. Ran da aka yi ruwan shuka ka same ni a gonar Inna, ba rawani, da sungumi a hannuna. Ni zan sara, kai ka bi ni da iri. A can kowa duƙawa yake yi, ba mai cewa wane ya durƙusa wa wane.

Wassalam.
Daudu

Safana, ranar Asabar

Faransa,

Salamu alaikum. Hadari ya haɗu a gabas. Zuwairatu ta ɗaure mini irin gero, na kuma sayi gyaɗa, wannan karon ba ta sata ba.

Ka ce wa Goggo, in ta ji sallama gobe, Ya'u ne.

Sai mun haɗu.
Ingila