Sun Jera Ɗana a Cikin Tsofaffi

Assalamu alaikum Malama. Don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya kulle. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na tsaya, shi ma malamin ne ya riga ni gajiya. Ni mai aski ne. Shekara da shekaru ina gyara kawunan mutane, yau nawa ya gagare ni.

Babban ɗana, Dogo muke ce masa, yana gidan yari shekara ta huɗu ke nan. Gyaran firij ne sana'arsa. Fashi aka yi a kantin magani da ke bakin titinmu, matar da ke tsaron kantin ta ce wani saurayi dogo ne ya sa mata wuƙa a wuya. Sai 'yan sanda suka ɗauke Dogo a bakin aikinsa, don ya taɓa gyara firijin kantin. Tsawon kuma ba laifinsa ba ne, dangin uwarsa ya biyo. Da ni ya biyo, da yanzu yana gida.

Washegari na kai masa ruwa da riga caji ofis. Muna zaune a benci, mu iyayen da aka kama wa 'ya'ya, sai wani Sufeto ya leƙo ya ce mu taso mu taimaki hukuma. Ni da hukuma ba ta taɓa neman taimakona ba, har hula na gyara. Aka shigar da mu wani ɗaki mai tagar ƙarfe, aka jera mu biyar jikin bango, aka ce kada wanda ya yi magana. Akwai tela, akwai wani dattijo mai dogara sanda, akwai wani da haƙoransa ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. A cikinmu ni ne yaro, ni ɗin ma gemuna fari fat. Sai aka shigo da Dogo aka tsayar a tsakiyarmu, leɓe a kumbure, ƙafa ba takalmi. Aka kawo matar aka ce ta nuna wanda ya yi mata fashi. To Malama, wa za ta nuna? Mai sandan? Ta dube mu, ta dubi Sufeto, ta ɗaga yatsa. Ni kuwa ina tsaye ina ta murmushi, wai don ta ga yaron ɗan gidan mutunci ne.

A kotu aka ce an jera shi cikin samari masu kama da shi, ta fitar da shi ba gardama. Na ɗaga hannu kamar ɗan aji, aka ce in sauke. Lauyan da aka ba mu a ranar ya fara ganin Dogo, sunansa ma sai da ya leƙa takarda. Aka haɗa da amsa laifin da yaron ya ce da duka aka karɓa, alƙali ya yanke masa shekara goma sha biyar.

To kwanan baya sai ga wata yarinya a shagona, da gilashi da jakar goyo, wai lauya ce. Ta ce ƙungiyarsu tana bin shari'un da aka yi kuskure, kotu ta yarda a ɗaukaka ƙara, tana so in je in rantse in faɗi su wa aka jera a ranar. Ta ce kyauta. Nan na fara zarginta. Ni tun da nake, abin da masu takarda suka taɓa ba ni kyauta shi ne zaman benci. Kuma wa ya gaya mata ina cikin layin? Kotu dai samari ta rubuta.

Ba a jima ba sai ga Sufeton nan da ya jera mu, wai ya zo aski. Malama, mutumin nan sanƙo gare shi, kai kamar an goge tayil. Ɗan abin da ya rage a bayan kunne, in na hura ma ya tafi. Amma duk sati yana kan kujerata, ina zagaya kilifa a kan fata don kada kunya ta kama mu mu biyu. Bai taɓa ambaton Dogo ba. Ƙanin Dogo yake tambaya, wanda ke tuƙa tasi. Wace hanya yake bi, takardun motar sun cika kuwa, ai yanzu ana kame sosai, shi kuma ba ya son abin da zai sake taɓa gidana. Yana faɗa yana kallona ta madubi. Rannan ya ce ya kusa ritaya, mu tsofaffi sai mu riƙa rufa wa juna asiri. In zan gyara masa wuya da reza, sai in yi ta a'uziyya a zuci.

Yanzu kowa zarginsa nake. Har cewa nake ko bakinsu ɗaya, ita lauyar ta zo ta ji abin da na sani, shi Sufeto ya biyo ya toshe. Cikin waɗanda aka jera mu tare, dattijon mai sanda ya rasu. Tela ya ce in na yi shaida zai yi, amma kin san tela da alƙawari. Uwar yaran ta ce ɗaya ya tafi, kada surutuna ya tura na biyu. Ita ɗin ce kuma nake tararwa tana ninke rigunan aikin Dogo da ba mai sa su. In na je ziyara shi yake ba ni dariya, wai aski yake yi wa 'yan ɗakinsu, ya gaji sana'ar gida dole. Ya rame, Malama, wuyan nan duk ya fito.

Wata mai zuwa kotu za ta zauna. In je in yi magana in jefa ƙaramin a bakinsu, ko in yi shiru in bar babban inda yake? Kuma yaya zan gane yarinyar nan tsakani da Allah take?

Naki,
Tsoho na biyu daga hagu

AMSA

Wa alaikumus salam Baba. Wasiƙarka ta ba ni dariya, da na kai ƙarshenta kuwa dariyar ta ɗauke. Allah ya saka muku.

Zarginka ba hauka ba ne, abin da ka gani ne ya koya maka. Sai dai ka raba shi daidai tsakanin mutum biyu da ba daidai suke ba. Lauyar so take ka faɗi abin da ka gani a fili, gaban alƙali. Sufeto so yake ka haɗiye shi, kuma ta madubi yake roƙo.

Ita bincikenta da sauƙi. Ka karɓi cikakken sunanta, ka je ƙungiyar lauyoyi ka tambaya ko sun san ta. Ka taka zuwa ofishinsu da ƙafarka, ka ce a nuna maka takardar da kotu ta sa ranar zama. Sannan ka tambayi Dogo, don ina kyautata zaton shi ya gaya mata kana cikin layin. Kada ka sa hannu a komai sai wanda ka yarda da shi ya karanta maka.

Shi kuwa Sufeto, ba zan rantse a kan zuciyarsa ba. Wataƙila fanshonsa yake tsoro, wataƙila abin da ya yi ne yake cinsa. In na biyun ne, kotu ya kamata ya nufa, ba kujerarka ba. Tambayar hanyar yaro da takardun mota barazana ce, ka ɗauke ta a haka. Ka gaya wa lauyar yau, ta sanar da kotu da hukumar karɓar ƙorafi a rubuce. Sharrin da aka riga aka kai ƙararsa ya fi wuyar aikatawa. Kada ka yi masa faɗa, kada kuma ka yarda ku zauna ku biyu a shago. Rezar nan ka ajiye ta, ka ce ta dakushe.

Uwar yaran tana da gaskiyarta, ba zan ce maka babu haɗari ba, ba zan kuma ce tabbas za a yi nasara ba. Ƙanin Dogo ba yaro ba ne, kuma shi ake nunawa da yatsa, don haka ku zauna ku uku ka gaya musu komai, ka ji ta bakinsa. Ya cika takardun motarsa, ya sa lambar lauyar a wayarsa. Amma ku tuna, ranar da aka ɗauki Dogo ba wanda ya yi surutu a gidanku. Shiru bai tsare ku ba.

Abin da ya same ku ya wuce halin mutum ɗaya. Muddin wanda ya yi kame shi ne zai jera mutane, shi zai rubuta, shi zai ba da shaida, ba kyamara ba lauya a ɗakin, to za a ci gaba da jera 'ya'yan mutane cikin tsofaffi. Ita ma mai kantin an cuce ta, wanda ya sa mata wuƙa yana can yana yawonsa. Dokar nan tana buƙatar gyara, kuma gyaran daga shaida irin taka yake farawa.

Shawarata, in bincikenka ya fito lafiya, ka je. Tela kuma kada ka jira shi, ka biya ta wurinsa ka ɗauko shi. Gemun nan ka bar shi yadda yake, kada ka rage ko gashi ɗaya. Ka tsaya da shi gaban alƙali, ya ga saurayin da aka jera da Dogo.

Allah ya fito da shi lafiya, ya tsare ƙaninsa, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarsu.