Gaurakan Tafkin Gado

Alhamis, 8 Oktoba 1936, Buza
Ba lakwal yau, makaranta a rufe. Na kai yaran ajina tafkin bayan dutse su ga gauraka. Baba Gado, wanda gidansu ke tsaron tafkin tun kakanni, ya tsaida mu gindin gawo: ba a sauka da ƙarfe. Munka aje wuƙaƙe, har alƙalamina. Ya watsa gero, sai ga su suna rawa gabanmu, ko tsoro babu. Mato, ɗaya cikin yaran, ya ce sun fi kawunsa iya taka kiɗa. Na yi dariya har hawaye. Wannan wuri ya kamata duniya ta san shi.

Litinin, 12 Oktoba
Wani bature mai yawon ganin ƙasa ya zo daga Madawa da kamyo, babbar mota. Ya shigo aji, ya yabi Faransancina, ya tambayi abin kallo a ƙasarmu. Bakina ya buɗe: duwatsun Adar masu katantanwa ciki, ruwan Kaita, sannan gauraka. Na ce ba su gudun mutum. Zancen ƙarfe ban faɗa ba. Kada ya ce malamin lakwal ma camfi gare shi.

Lahadi, 18 Oktoba
Ni na yi jagora, da manyan yarana, wai su ji ana fassara. Gardin da ke tsaron baturen na ɗauke da abu cikin tsumma. Na gani. Na san ko mine ne. A gindin gawo Baba Gado ya dube ni, na ce masa, "Baba, na auna ƙasa ne." Ya ce, "Tunda kai ka faɗi, ɗana."
Baba Gado da hannunsa ya watsa geron.
Bindiga ta tashi, gauraka biyu sunka faɗi. Baturen ya tsinke tukkun ɗaya ya soka ga hulata, kyauta. Na yi godiya, na ce mersi. Allah, na ce mersi.

Litinin, 19 Oktoba
Darasin tsuntsaye ke kan allo. Na goge, munka yi lissafi.

Alhamis, 22 Oktoba
Na tafi ni kaɗai. Tafki wayam, sai balbela. Na durƙusa na gaida Baba Gado, ya amsa lafiya lau, ya sa anka kawo mini fura. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Da zan tashi ya kira ni irin na lakwal, da Mushe, wato malam a bakin Faransawa, ya ce, "Mushe Aƙilu, yaran su zo duk sa'ad da sunka so. Sun san hanya." Ban da ni ke nan.

Juma'a, 6 Nuwamba
Mato ya tambaya cikin aji, "Mushe, da Faransanci ƙaƙa ake cewa amana?" Ba da tsokana ba, ina jin. Na ba shi kalmar.
Tukkun yana cikin adakata. Na kasa yar da shi, na kasa dubansa.

Talata, 12 Janairu 1937
Yara sun ce gauraka huɗu sun komo, amma nesa suke tsayawa, ba su cin geron sai mutum ya ja baya.
Wani baƙo kuma yau, da matarsa, suna tambayar abin kallo. Na kai su kan dutse, munka wuni tsintar katantanwa, sun ji daɗi ƙwarai. Matar ta nuna ƙasa inda ruwa ke ƙyalli, ta ce can fa?
Na ce laka ce da sauro, madam.
Rana ce ta yi zafi, shi ya sa ban kai su ba. Ina jin shi ya sa.