Waƙar Niƙan Inna a Rediyo

Daren Laraba, Gwaram.

Da yamma rediyo ya sake saka waƙar su Yaya Sale, mai jita da ganguna. Samarin kasuwa cewa suke budurwa yake wa kuka. Ni kuwa na san waƙar niƙan Inna ce, Allah ya jiƙanta. Kafin Yaya ya iso daga Kano an binne ta.

Da Baba ya shigo, na yunƙura zan kashe. Tun da Yaya ya bar gona ya bi makaɗa, Baba bai sake ambaton sunansa ba.

Ya ce, "Bar shi."

Ya tsaya da buta a hannu har waƙar ta ƙare. Sannan ya ce, "Ba haka take ƙarasa ta ba. Rubuta masa ya zo in koya masa."

Daga littafin nan na yagi takardar.